Gautan Inna Mubina

Tun da safiyar ranar Lahadi wayoyin mutanen Makka suke ƙara da saƙon gargaɗi: hadari na tafe daga wajen teku, kowa ya nisanci kwari da hanyoyin ruwa. Tsoho ya ji ƙarar, ya karanta, ya sake karantawa, ya mayar da wayar aljihu. Da ya ji maganar nan, da babu labarin da za a bayar. Sai dai a kwanakin nan hankalinsa yana kan wata, kuma wanda ya ƙura wa abu guda ido a sama, wani abin yakan zo masa ta ƙeya. Abin da zai lalace ba babba ba ne a idon mutane. In an tara shi duka bai cika farantin shayi ɗaya ba. Amma shi kaɗai ya rage.

Tsoho direban tasi ne, ya ɗan haura hamsin. A unguwar Hindawiyya aka haife shi, a nan kuma yake zaune, a hawa na ƙarshe na wani tsohon gida mai matsattsiyar matattakala. Matarsa Ramlatu ta rasu shekara biyu da suka wuce. 'Yarsa Manal tana aure a Tabuka, can arewa inda sanyi yake da haƙori. Ɗansa Hudaifa yana tare da shi a gidan, in dai za a kira wannan zama tare. Aiki yake yi a wani otal a unguwar Aziziyya, abincinsa a leda yake shigowa da shi, ya ci a ɗaki da waya a hannu. Wani lokaci takalmansa a bakin ƙofa ne kawai suke gaya wa uban cewa ya kwana a gida.

Saboda haka saman soro ya zama wurin hirar Tsoho, abin da mutanen nan suke kira sutuhu. Can lambun yake. Akwai wata tsohuwar firji da aka kwantar da ita rigingine, aka cire ƙofar, aka cika ta da ƙasa. Akwai gangar injin wanki, da jarkoki da aka yanke wa kai, duk a jere jikin katanga kusa da tankin ruwa. An ja raga a samansu saboda tattabaru, don tattabarun Makka ba su san tsoro ba, sun san babu mai taɓa su.

A cikin firjin nan ake dasa gautan Inna Mubina. Kakar Tsoho ce, uwar uwarsa. Da ƙafa ta zo daga ƙasar Damagaram ita da mijinta, suka yi shekaru a hanya. In guzuri ya ƙare su tsaya su noma damina ɗaya ko biyu, a Chadi, a Sudan, sannan su ƙara gaba. Duk inda suka yada zango sai ta shuka gautanta, ta bar 'ya'ya kaɗan su nuna su yi ja a jikin uwa, ta fasa, ta wanke irin, ta shanya, ta ƙulle a bakin zane. Haka ya ƙetare teku ya iso nan. Fari ne mai zanen kore, ɗacinsa ba ya daɗewa a harshe, in ka bi shi da ruwa sai ka ji zaƙi ya biyo baya. Alhazai kan zo da gauta a kayansu, Tsoho ya sha saya, amma bai taɓa cin irin wannan a hannun kowa ba.

Inna ta koya wa uwarsa, uwarsa ta koya wa Ramlatu. Shi nasa bai wuce hawa bene da buhun ƙasa da takin tumaki daga kasuwar dabbobi ba. Sai da Ramlatu ta tafi ya gane ashe duk shekarun nan kunnensa yana ɗauka. Doka biyu Inna ta bari. Ta farko, iri yana bin wata. A zuba shi ranar da wata ya tsaya, a dasa shi a farin watan da ke biye, tun wata yana ƙiba. Abin da aka dasa wata na ramewa, in ji ta, ganye zai yi ta zubawa, amma ba zai haihu ba. Ta biyu, ba a ba ƙasa duka. Ko yaya iri ya ƙaranta, a bar wani abu a ƙulli.

Doka ta biyun ce ya karya, kuma ba da son ransa ba. Bara, lokacin aikin Hajji, ya samu tuƙin bas tsakanin Aziziyya da Arfa, ya yi kwanaki bai leƙo gida ba. Gautan da ya bari don iri ya fara ja ke nan. Ya roƙi Hudaifa ya riƙa ba su ruwa safe da yamma, yaron ya ce to, amma shi ma otal ya cika maƙil, can yake kwana. Da Tsoho ya dawo, itace ya tarar. 'Ya'yan sun ƙanƙance kamar busasshen goro, babu ƙwayar kirki a ciki. Bai yi faɗa ba. Ya tsaya ya dube su, ya sauka ya yi wanka. Abin da ya rage shi ne ɗan abin da ke gindin wata kwalbar magani, ragowar wanda Ramlatu ta cire da hannunta a shekararta ta ƙarshe.

Da watan Jimada na ƙarshe ya tsaya, ya juye kwalbar a tafin hannu. Bai rufe tsakiyar tafin ba. Iri ne da ya sha zafin Makka na bazara biyu a cikin kabad, ya san ba duka suke da rai ba. In ya raba biyu, wataƙila rabin da ya shuka duk matattu ne, rabin da ya ajiye kuma kafin baɗi ya bi su. Ya daɗe a tsaye yana juya abin a ransa. Daga ƙarshe ya yi bismillah, ya zuba duka a kofunan zabadi, wato kindirmon kanti, da ya daɗe yana tarawa yana huda musu gindi da ƙusa. Ya mayar da kwalbar kabad ba komai a ciki, ya rufe da sauri kamar wani zai gani.

A kan matattakalar ƙarshe ya jera kofunan, inda rana take shigowa ta ƙofar sutuhu. Sanyi ya fara sauka. Sanyin Makka ba wani abu ba ne, da rana ma mutum yakan yi gumi, amma da asuba wata iska takan gangaro daga duwatsu ta bi ta ƙarƙashin ƙofa, kuma gauta ɗan zafi ne, ba ya son a taɓa shi da hannu mai sanyi. Tsoho yana da tulin harami, farare masu kauri irin na tawul, waɗanda alhazai da masu Umra suke mantawa a motarsa ba su dawo nema ba. Ya wanke su, ya riƙa lulluɓe kofunan da su bayan magariba, ya yaye in rana ta fito.

Mako guda ya wuce, ƙasa ba ta ce komai ba. Kullum kafin ya fita aiki sai ya durƙusa ya kai fuskarsa kusa, har numfashinsa yana motsa ƙurar taki. A mota yana ɗauke da fasinja, zuciyarsa tana kan bene. Ko ya zurfafa su da yawa? Ko ruwan tanki ya yi musu gishiri? Ko dai kwalbar da ya bari fanko ce ta jawo? Sai wata safiya ya ga wani abu ya lanƙwaso daga ƙasa, fari, siriri kamar zare. Kashegari wasu suka biyo shi. Duka-duka ba su cika yatsun hannu biyu ba. Sauran kofunan suka yi shiru har abada.

Ranar ya kira Manal. Ita ce take jin Hausa sosai a cikin 'ya'yansa, don a gindin murhun uwarta ta girma.

"Baba, ka ce sanyi?" ta ce tana dariya. "Ku mutanen Makka, in iska ta kaɗa labule sai ku ɗauko bargo. Zo nan ka ga ruwa ya daskare a bokiti."

"Ni ai tsoho ne, Manalu."

"Tun kana jariri ake ce maka Tsoho, ba yau ka fara ba. Kana shan maganinka?"

"Ina sha. Kin san me ya fito yau a kan bene?"

Kafin ya ƙarasa, ɗanta ya tsala kuka a can gefe, wani abu ya faɗi ya fashe. "Wayyo, wannan yaron zai kashe ni. Baba, zan kira ka anjima." Ba ta kira ba ranar. Bai ga laifinta ba, mai ɗan ƙaramin yaro ba ta da anjima. Ya hau bene ya zauna kusa da kofunan, ya gaya wa bango abin da ya so gaya mata.

Tsiron suka yi ganye biyu, suka yi huɗu. Watan Rajab ya tsaya, lokacin dashe ya yi, ya riga ya juya ƙasar firji ya haɗa ta da taki. A daren da ya ce gobe zai fara, mura ta kama shi da zazzaɓi mai karya gaɓoɓi. Ya kwanta. Iya Maryama ta hawa na farko, tsohuwar da ta zo ta Chadi tun tana budurwa, ƙawar uwarsa, ita take dama masa kunu ta ba duk wanda ta ga zai hau sama ya miƙa masa. Da rarrafe yake kai wa tsiron ruwa. Ta tagar ɗakinsa yana ganin wata bayan magariba, kullum ya fi na jiya ƙiba, shi kuwa ko bokiti ba ya iya ɗagawa. Da ya samu ya miƙe, saura kaɗan wata ya cika. Tsiron kuma sun gaji da kofi, sun yi dogon wuya suna karkata wajen ƙofa, ganyen ƙasa ya fara rawaya.

Wannan ita ce Lahadin da saƙon gargaɗi ya shigo.

Ya ci karo da Hudaifa a bakin ƙofa yana ɗaura takalmi zai tafi aiki. Kamar kullum, uban yana Hausa, ɗan yana amsawa da Larabci, sai in ya so a ji shi sosai ya jefa Hausa a tsakani.

"Abuya, ka ga saƙo? Sun ce ruwa mai ƙarfi, har da ƙanƙara."

"Sau nawa suka ce haka bana? Ka ga ko ɗigo?"

"To ka bari ya wuce mana. Kwana biyu ne."

"Kwana biyu wata ya fara ramewa."

Hudaifa ya ɗago ya dube shi. "Wata kuma. Wallahi Abuya wannan camfi ne. Me ya haɗa wata da kofin zabadi?"

"Ni ban ce wata ne yake fid da tsiro ba, Allah ne. Amma haka na ga uwata tana yi, haka uwarka ta yi, ba mu taɓa rasa gauta ba."

"Tayyib," in ji Hudaifa, irin tayyib ɗin da ke nufin an gama magana. Ya sauka da gudu, bibbiyu yake tsallake matattakala.

Da la'asar Tsoho ya sauka mayar wa Iya Maryama kwanon kununta. Tana zaune bakin ƙofa a kan kujerar roba, ta miƙe ƙafafu, tana azumin kwanakin farin wata.

"Ka tashi ke nan? Na ɗauka sai mun zo mun raba firjin nan gado."

"Da sauran shan ruwa, Iya. Yau zan dasa."

Ta ɗaga hanci ta shaƙi iska. "Yau? Kai ba ka ji gwiwata ba? Tun jiya take gaya mini ruwa na hanya. Gwiwar nan ta fi wayarku gaskiya."

"Jibi wata ya juya baya."

"Na sani. Ai da ni aka yi zaman makokin Mubina, ba kai za ka koya mini dokarta ba. To ta biyun fa? Ka bar wani abu a ƙulli?"

Tsoho ya dubi ƙasa.

"La ilaha illallahu. Duka ka zuba?" Ta tafa hannu. "To ji nan. Kawo mini kofi biyu in ajiye a tagata. In na sama sun yi, shi ke nan. In ba su yi ba, ga wasu."

Ya dubi tagar. Rana ba ta shiga sai ta ɗan lokaci, ga kyanwarta kwance a kai, ga shi ya san duk abin da Iya ta samu a tukunya da ragowar shayi take shayar da shi. In kuma suka zauna a kofi har wani watan ya tsaya, za su kai? In aka dasa su a duhun wata, ganye kawai. Cikin 'yan ƙalilan ɗin nan a ce an yi asarar biyu?

"Bari dai in haɗa su wuri ɗaya, Iya. Sun saba da juna."

"Sun saba da juna," ta maimaita. "Kai ne dai ba ka iya rabuwa da su. Uwarka ma haka take, in ta riƙe abu sai ta shaƙe shi. Je ka, Allah ya sa gwiwata ce ta yi ƙarya."

Ya dasa su da yamma, bayan rana ta yi sanyi, kamar yadda Ramlatu take yi. Ya matsa gindin kowane kofi a hankali, tsiron ya zamo da ƙasarsa, saiwoyi farare sun naɗe kamar zaren da aka dunƙule. Yawancinsu a firji, ɗaya da bai samu wuri ba ya sa shi a gangar injin wanki. Ya danna ƙasa da babban yatsa, ya ba su ruwa da tafin hannu. Ana kiran magariba wata ya riga ya hau kan dutse, fari tas, saura ƙiris gefensa ya cika. Sai dai wani zobe mai hazo ya kewaye shi. Tsoho ya tsaya da bokiti a hannu. Ya tuna Inna takan nuna irin wannan zoben da sandarta ta ce a shigo da shanya.

Yanzu kuma ba a mayar da su kofi, dashe biyu a rana ɗaya kisa ne. Ya yi abin da ya sani. Ya kafa 'yan sanduna a kusurwoyin firji, ya ɗauko haraman nan ya shimfiɗa a kai, ɗaya bisa ɗaya har uku don kada ƙanƙara ta huda, ya danne gefuna da bulo. Da ya zo kan gangar injin wanki sanduna sun ƙare, sai ya jawo ta jikin tanki ya kifa mata tsohon kwandon wanki. Ragowar harami ɗaya ya rataya a igiya. Ya duba, ya ga ya yi iyakar yinsa.

Litinin gari ya waye garau, sama kamar an wanke. Ya leƙa ƙarƙashin rufin, tsiron sun ɗaga kai. Har ya kai hannu zai yaye, sai ya ce a'a, a bar su, ai riga-kafi ya fi magani. Da zai wuce ƙofar Iya Maryama ya ɗaga murya ya ce, "Iya, a gaida gwiwa!" Ta ce, "Za ta amsa da kanta."

Bayan azahar yana Aziziyya, ya sauke wasu masu Umra a ƙofar masaukinsu, sai ya ga inuwa ta rufe titi gaba ɗaya. Iska ta taso ta kwashi ledoji da kwalaye ta yi sama da su. Ɗigon farko ya faɗo a gilashi da faɗin riyal. Kafin ya kai mararraba, ruwa yake kamar da bakin ƙwarya, sannan ƙanƙara ta fara dukan rufin mota kamar ana watsa tsakuwa. Duwatsun Makka ba sa shan ruwa, abin da ya sauka a kansu titi yake nufa. Nan da nan hanya ta zama kogi mai launin shayi da madara, yana jan kwandunan shara. Motoci suka tsaya cik. Ya samu ya haye wani tudu gaban wani kanti ya kashe mota.

Ya kira Hudaifa, waya tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Sannan ya kira Iya Maryama.

"Iya, ruwa ya iso nan?"

"Ya iso? Ga shi yana sauko mini ta matattakala kamar baƙon da ya san gida."

Ruwa ba ya bin matattakala sai in sutuhu ya cika. "Akwai wanda zai hau ya duba?"

"Duk sun fita, ni kaɗai ce da kyanwa. Bari in gwada."

"A'a! Kada ki taka benen nan, Iya, santsi ne. Na roƙe ki."

"To me kake so in yi, ɗan nan?"

"Ba komai. Ki zauna."

Ya zauna shi ma, hannu biyu a kan sitiyari. Mutanen da suka fake a bakin kantin suna ta ɗaukar hoto suna murna, wani ya fito da kansa ba hula yana addu'a, don ruwa a garin nan baƙo ne mai daraja. Tsoho ya ce Allahumma sayyiban nafi'an tare da su, da gaske kuma ya faɗa. Amma idonsa harami uku yake gani, masu kaurin tawul, da yadda tawul yake in ya sha ruwa. Sai a lokacin abin ya faɗo masa. Ko guda ɗaya ne, in ya fito da shi daga bokitin wanki sai ya sa hannu biyu.

Gab da magariba ya isa gida. Ya cire takalmi ya hau, ruwa yana bin ƙafarsa. A sutuhu ruwa ya kai idon sawu. Haramin da ya rataya a igiya iska ta cire shi, ruwa ya ja shi ya cusa a bakin indararo. Ya fizge shi, ruwan ya fara zuƙewa da gurnani. Sannan ya juya wajen firji.

Sandunan sun kwanta. Haraman sun jiƙe sun zauna daram a kan ƙasa, ƙanƙarar da ba ta gama narkewa ba ta taru a tsakiya. Ya ɗaga na farko, ya ɗaga na biyu. Na ukun da ya ɗaga, ganyen suka biyo shi, manne a jikin farin yadin kamar an yi masa ado. A ƙasa babu abin da yake tsaye. Kowanne ya karye daga gindi, ya nutse a taɓo. Ya sa yatsa ya ɗago ɗaya, ya sake shi, ya koma ya kwanta.

Kwandon da ya kifa a kan ganga iska ta yi gaba da shi. Ƙanƙara ta tsige ganyen tsiron tas, ta bar ɗan kara kore, tsawon ɗan yatsa, a tsaye shi kaɗai.

Bai san lokacin da Hudaifa ya hawo ba, sai ganinsa ya yi a bakin ƙofa, wandon aikinsa a naɗe har gwiwa. Ya dubi firjin, ya dubi uban.

"Na ga kiranka, Abuya. Ruwa ya shiga mana ƙasan otal, ba a bar kowa ya taɓa waya ba." Sannan da Hausa ya ce, "Mu sayi wani."

"A ina?"

Hudaifa ya juya wajen firjin. Ya sunkuya ya ɗauki harami ɗaya, ya miƙa wa uban gefe guda, suka murɗa tare, ruwa yana zuba a ƙafafunsu. Suka yi na biyu, suka yi na uku. Babu wanda ya ambaci wata, ga shi kuwa ya fito ta tsakanin gajimare, cikakke, kamar ba a yi komai ba. Da suka gama, Hudaifa ya ce an ce su koma, akwai baƙin da za a sauya wa ɗakuna. Ya sauka. Wannan karon ɗaya-ɗaya ya taka matattakalar.

Tsoho yana sallame magariba waya ta yi ƙara. Manal ce, ta ga hotunan ambaliya.

"Baba! Kana lafiya? Motar fa? Tun ɗazu gabana yake faɗuwa."

"Lafiya lau. Mota ma lafiya."

"To me ya sami muryarka?"

Ya so ya ce mura ce. Sai ya ji bakinsa yana cewa, "Gautan Inna ne ya tafi, Manalu. Duka na zuba, duka na dasa. Kwalbar babu komai."

Yana jin ɗanta yana buga cokali a wani abu.

"Baba, tsaya. Lokacin da za a kawo ni, da Umma take haɗa mini kayan kicin, ta sa wani ɗan ƙulli a cikin tukunyar tuwo. Farin ƙyalle ne, ɗan mitsitsi. Ta ce in na samu wuri mai rana in zuba ranar da wata ya tsaya. Ni kuwa na zo na tarar da sanyin nan, ga hawa na huɗu, ko baranda babu."

Tsoho ya miƙe tsaye bai sani ba. "Yana ina?"

"Shi ne nake tunani. Ka san mun tashi sau biyu. Tukunyar tana nan, amma babu shi a ciki, na sha dafa abu da ita. Wataƙila yana cikin kwalayen da muka kai gidan surukata a garin Umluj. Wataƙila kuma na zaci tsohon yaji ne na zubar, wallahi ba zan yi maka ƙarya ba, ban tuna ba. Kuma Baba, shekara biyar fa ke nan. Iri yana kaiwa haka?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Ba mu taɓa barin shi ya kai haka ba."

"Sai hutun makaranta za mu je. Zan zazzage kwalayen nan ɗaya bayan ɗaya. Kada ka sa rai da yawa, ka ji?"

"Na ji."

Da safe ya hau da guntun bulo biyu ya kare gangar daga wajen iska, bai rufe ta da komai ba. Da ya sauko, Iya Maryama tana share taɓo daga bakin ƙofarta. Ta dube shi, ya dube ta. Ba ta yi maganar kofi biyu ba, ba ta yi maganar gwiwa ba. Ta ce kawai akwai kunu in yana so.

Wata ya fara ramewa. Kullum kafin ya fita, Tsoho yakan durƙusa gaban gangar ya kai fuskarsa kusa da ɗan karan. Bai bushe ba, bai kuma yi toho ba. Manal ba ta je Umluj ba tukuna. Ko ƙullin Ramlatu yana cikin kwalayen, ko akwai ƙwaya mai rai a cikinsa in an same shi, ko ɗan karan nan zai fid da ganye, har yanzu babu wanda ya sani.